Yadda Ake Kafa Ƙaramin Injin Iska a Gida Don Rage Kuɗin Wuta da Na Fetur

Injin iska na gida farfela ce a kan dogon turke, iska ta juya ta, ita kuma ta juya ƙaramin janareta mai maganaɗisu, wutar ta sauko ta waya ta shiga batir. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a 2023, sannan aka kai kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda suka fi kowa samun wutar Nepa, sama da naira 200 a kan kowane yunit (kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya) a Afrilun 2024, masu tambaya a kansa suka yawaita. Yana rage kashe kuɗi, amma ba a kowane gida ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne ƙarfin iskar wurinka, da tsayin turke, da faɗin farfela. Lambar wat da aka buga a jikin kwali ita ce ta ƙarshe da za ka duba.

Wannan bayani na inji ne mai fukafukai uku, faɗin farfelarsa mita biyu da rabi zuwa uku, wanda ake sayarwa da sunan kilowat ɗaya, a kan tsarin batir mai bolt 48.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Na wuta: injin da fukafukansa da jelarsa, kwantirola ta injin iska, wadda ke da hitar shanye rarar wuta, makunnin birki mai tsayar da farfela, bireka ta wutar batir mai amfiya 40, kebul na jan ƙarfe mai jijiya uku, batir huɗu masu bolt 12 da amfiya-awa 200, ko batirin litiyam ɗaya mai bolt 48, inbata, sandar at ta jan ƙarfe mai kai wuta cikin ƙasa da na'urar kariyar tsawa.

Na turke: bututun ƙarfe mara tsatsa mai kaurin baki, inci 3 ko fiye, guda biyu ko uku (kowane ɗaya mita 6 yake zuwa), wayar ƙarfe mai kaurin milimita 6, mita 100 ga turken mita 12, wajen mita 200 ga na mita 18, kilif-kilif na ɗaure waya, uku a kowane baki, ƙarfen ja mai murɗawa, ɗaya ga kowace waya, farantin gindi mai maƙala wanda turke zai riƙa kwanciya da tashi a kansa, wani bututu na mita 4 zuwa 6 na ɗaga turke, siminti, yashi, tsakuwa da rodi.

Na aiki: sufanu, mitar gwajin wuta, tef ɗin awo, ma'aunin daidaito na magina, injin ja na hannu mai sarƙa, da maganin hana noti kwancewa. Kana buƙatar mai walda da ya iya aikinsa, da mai haɗa sola, da mutum huɗu ko biyar ranar ɗagawa.

Kada ka sayi ko ɗaya daga cikin waɗannan sai ka gama mataki na 1 zuwa na 3.

MATAKI NA 1: AUNA ISKAR WURINKA

Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta ninkawa takwas yake yi. Shi ya sa bambancin mita 4 da mita 5 a daƙiƙa, wanda fatar jikinka ba za ta ji ba, yake kusan ninka wutar da za ka samu. Yawancin ƙananan injuna ba sa fara caji sai iska ta kai kamar mita 3 a daƙiƙa, kuma ba sa ba da cikakken wat ɗin da aka rubuta sai ta kai 11 zuwa 13, gudun da ba ka cika gani ba sai hadari ya taso.

Arewacin Najeriya ya fi kudu iska, musamman wajajen Sakkwato, Katsina da tsaunukan Jos, haka kuma yankin Agadas da Tawa a Nijar. Ba banza aka kai tashar iska mai megawat 10 Lambar Rimi a jihar Katsina ba. Sai dai waɗancan turakun suna da tsayin da gida ba zai kai ba, kuma a fili suke. Iskar jiharku daban, iskar bayan ɗakinka daban.

Hanya mafi inganci ita ce ka ɗaura ƙaramar na'urar auna iska mai ajiye lissafi a kan dogon bututu, a daidai wurin da za ka kafa, kusa da tsayin da kake nufi. Shekara guda ya kamata ta yi. In ba za ka iya jira ba, aƙalla ta ga hunturu ta kuma ga ƙarshen damina zuwa kaka, lokacin da iska kan kwanta. Wanda ya auna a watan Janairu kaɗai zai ɗauka ya dace, ya zo Oktoba farfela na tsaye.

In babu na'ura, buɗe taswirar Global Wind Atlas a intanet, kyauta ce, ka nemo garinku, ka zaɓi tsayin mita 10, kada ka bar ta a kan mita 100 da take fara nunawa. Sannan ka haɗa da ido. Ganye da ƙananan rassa suna motsi ba tsayawa, tuta tana miƙewa: wajen mita 3 da rabi zuwa 5 ke nan. Ƙura da takardu suna tashi daga ƙasa: 5 da rabi zuwa 8. Ka riƙa rubutawa safe, rana, yamma da dare na tsawon watanni.

Matsakaicin shekara ƙasa da mita 4, bar maganar, ƙara faranti na sola. Tsakanin 4 da 5, injin zai taimaka ne kawai a matsayin abokin sola. Daga 5 zuwa sama ne yake biyan kansa.

Masu talla kan ce sola da rana, iska da dare. A ƙasashenmu na Sahel sau da yawa ba haka take ba: kusa da ƙasa iska kan lafa da dare, ta fi ƙarfi daga hantsi zuwa tsakar rana. Amfanin injin ya fi fitowa a hunturu, lokacin da hazo ya rage wa sola ƙarfi, da ranakun damina masu gajimare.

MATAKI NA 2: LISSAFA ABIN DA ZAI BA KA

Fara da abin da gidan ke ci. Firij madaidaici yunit ɗaya zuwa ɗaya da rabi a yini. Fanka mai wat 60 ta yi awa goma, yunit 0.6. Ƙwan fitila shida masu wat 10 na awa shida, bai kai rabin yunit ba. Talabijin ma haka. Gida mai firij ɗaya da fanka biyu yana cin kamar yunit 3. Dutsen guga, hitar ruwa da na'urar sanyaya ɗaki, cire su daga lissafin nan gaba ɗaya.

Sai abin da injin zai samar. Auna faɗin farfela da mita, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ka ninka shi da kansa. Ɗauki matsakaicin gudun iska ka ninka shi da kansa har sau uku. Haɗa biyun ta ninkawa, ka ƙara ninkawa da 1.5. Abin da ya fito shi ne kimanin yunit na shekara.

Farfela mai mita 3 a iskar mita 5: 9 sau 125 sau 1.5, wajen yunit 1,700 a shekara, sama da 4 da rabi a yini. Ita dai wannan farfelar a iskar mita 4, yunit 860. A iskar mita 3, yunit ɗaya tak a yini. Ƙaramin injin nan mai faɗin mita 1.2 da ake rubuta wa wat 400, a iskar mita 4 bai kai rabin yunit a yini ba, alhali farantin sola ɗaya mai wat 300 a Kano yana ba da fiye da yunit guda. In ka ga farfela mai mita ɗaya da 'yan kai an rubuta mata wat 3,000, ƙarya ce tsagwaronta, iskar da ke ratsa wannan faɗin ba ta ɗauke da wannan ƙarfi. Haka masu juyawa a tsaye kamar fitilar ƙwai: suna da kyan gani, suna saurin juyawa, cajinsu kaɗan ne.

Cire kashi ɗaya cikin huɗu na asarar batir da inbata. Yunit 1,700 sun koma kamar 1,270. A farashin naira 200, kuɗin ya ɗan haura naira 250,000 a shekara. Amma in janareta kake gudu, lissafin ya fi daɗi: ƙaramin janaretan fetur ba ya ba da fiye da yunit ɗaya da rabi zuwa biyu a kan lita, wato ka tsira da wajen lita 635 zuwa 850. Ninka da farashin lita na yau, ka raba jimlar kuɗin kaya da shi, ka ga shekarun da zai ɗauka kafin ya dawo maka da kuɗinka. Sa kuɗin turke da siminti a ciki, domin sau da yawa sukan kai kuɗin injin kansa. Wanda yake samun wutar Nepa mai araha a wadace ba zai ga riba ba. Mai gidan gona, gidan kaji, ko gidan bakin gari da ke kwana da ƙarar janareta, shi ne mai cin moriya.

MATAKI NA 3: ZAƁI WURI DA TSAYI

Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce ƙasan farfela ya ɗara duk wani abu da ke cikin mita 150 kewaye da shi da aƙalla mita 9. Gini da bishiya suna karya iska, su sa ta birkice. Injin da ke cikin birkitacciyar iska kullum cikin waige-waige yake, caji ba yawa, boris na mutuwa da wuri. Turken mita 12 sai fili fetal. Kusa da gidaje marasa bene, mita 18. Duba gabas da arewa maso gabas inda iskar hunturu ke fitowa, da kudu maso yamma inda ta damina ke fitowa. Ka tuna darbejiya da turare girma suke yi, itacen da ke daidai kafaɗarka yau zai tare maka iska nan da 'yan shekaru.

Gwaji mai sauƙi: ɗaura dogon ƙyalle mara nauyi a kan gora mafi tsawo da za ka samu, ka ɗaga a ranar iska. In ya miƙe sak, wurin lafiya. In yana naɗewa yana bugun gora ta ko'ina, matsa ko ƙara tsayi.

Kada ka kafa a kan rufin kwano, ko jikin katanga, ko kan turken tankin ruwa. Girgiza za ta tsaga bango ta hana ku barci, iskar saman rufi kuma ita ce mafi birkicewa.

Fili ma abin dubawa ne. Wayoyin riƙe turke suna sauka ne a nisan rabin tsayinsa ta kusurwa huɗu, ga kuma wurin da zai kwanta. Turken mita 18 ba zai shiga fuloti mai ƙafa 50 da 100 da aka riga aka gina ba. Nisanta shi da wayar Nepa da ɗakin kwana da fiye da tsayinsa, sau ɗaya da rabi ya fi. Sanar da maƙwabta da mai unguwa, ka tambayi hukumar tsara birane, in kuwa kana kusa da filin jirgin sama to sai da izinin hukumar sufurin jiragen sama.

MATAKI NA 4: ZUBA GINDI DA MAƊAURAI

Kafa fegi a tsakiya. Auna mita 6 ga turken mita 12, ko mita 9 ga na 18, zuwa kusurwa huɗu, su zama gicciye sosai. Maɗaurai biyu na gefe dole su kasance a layi ɗaya da maƙalar gindi, kuma a tsayi ɗaya da ita. Wannan ne kuskuren da ya fi karya turke: in ɗaya ya yi ƙasa ko ya goce, waya ɗaya za ta yi ta ɗamewa yayin ɗagawa, ɗayar tana saki, har bututu ya lanƙwashe.

Kowane rami santimita 80 da 80, zurfin mita ɗaya. A jigawa ko ƙasa mai rairayi, ƙara faɗi da zurfi. Lanƙwasa rodi mai milimita 16 ya zama kunne, ƙafafunsa su nutse cikin kankare da ƙugiya, kunnen ya karkato wajen turke. Kwaɓi: siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Yi ta ba shi ruwa, kada ka ɗora masa nauyi kafin mako guda, in da hali ka ba shi biyu ko fiye.

MATAKI NA 5: HAƊA TURKE KA GWADA SHI BA INJI

Haɗa bututun a ƙasa. A mahaɗa, zura guntun bututu mai kauri a ciki ya shiga rabin mita kowane gefe, ko a yi walda da faranti mai noti. Kada ka dogara da soket mai zare irin na famfo, a wurin zaren yake karyewa. Sa wayoyi huɗu a kowace mahaɗa, da wasu huɗu a sama, ƙasa da inda bakin fiffike zai kai, da ratar da ba zai taɓa su ba.

Wajen ɗaure kilif, faffaɗan gefensa ya hau kan doguwar wayar da ke ɗauke da nauyi, lanƙwasasshen ƙarfen ya danne guntun bakin da aka naɗo. In aka juya, yana cin wayar.

Tsayar da bututun ɗagawa a gindi, wayoyin gaba su bi ta kansa, injin ja ya kama shi daga maɗaurin da ke can gaba. Zaɓi ranar da babu iska. Ja a hankali, mutum ɗaya a kowace wayar gefe yana kallo, mutum biyu riƙe da wayoyin baya don kada turke ya zarce ya faɗa gaba idan ya kusa miƙewa. Ba mai tsayawa ƙarƙashinsa, yara kuma a kore su nesa. Da ya tsaya, daidaita shi da ma'auni ta fuska biyu, ka ɗame wayoyi daidai, ba kamar tsirkiyar baka ba, su ɗan iya motsi in ka tura da hannu. Sannan ka sauke. In babu injin ja, mota ko tarakta na iya ja da doguwar igiyar ƙarfe a giyar farko, amma direba ya kasance mai jin magana.

MATAKI NA 6: HAƊA WUTA

Kaurin kebul ya danganta da nisa. Kilowat ɗaya a bolt 48 kusan amfiya 21 ne, a bolt 24 ya zama 42, a bolt 12 ya haura 80. Dalilin fifita 48 ke nan. Daga kan turke zuwa ɗakin batir, in bai wuce mita 30 ba, kebul mai 6mm² ya isa. Zuwa mita 50, mai 10. Kankare jijiyar da wuƙa kafin ka biya: in cikinta fari ne, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, ajiye musu. Zura kebul ta cikin bututu, ka rataye nauyinsa a sama da maɗauri don kada ya ja mahaɗar injin, sauran kuma ka binne cikin bututun roba.

Bi wannan jeri, kada ka sauya: batir zuwa kwantirola ta cikin bireka, sai hitar shanye rara, sai wayoyi uku na injin ta cikin makunnin birki, birkin yana kulle. Wayoyi ukun ba su da gaba da baya, kowace ta shiga kowane rami.

Ga abin da ya raba shi da sola. Farantin sola in batir ya cika sai kwantirola ta yanke shi, ba abin da zai same shi. Injin iska in aka yanke masa kaya sai ya yi ta gudu ba linzami, wutarsa ta hau, ya ƙone kwantirola ko ya watsar da fiffike. Don haka kwantirolar sola ba ta yi masa. Tasa tana karkatar da rarar wutar ne zuwa hita idan batir ya cika. Ƙarfin hitar ya kai na injin ko ya fi, ka kafa ta a bango mai iska nesa da labule, katako da jarkar mai, don zafi take yi sosai. In tata ta lalace babu irinta a kasuwa, hitar ruwa mai aiki da wutar batir, mai bolt da wat daidai, za ta maye gurbinta, muddin kullum tana cikin ruwa. Mai batirin litiyam ya ƙara kula: na'urar cikin batirin kan katse shi da kanta in ya cika, saboda haka a saita kwantirola ta fara karkatar da wuta kafin a kai wannan matakin.

In kana da sola, kowa ya shiga batir ɗaya ta kwantirolarsa. Kafa sandar at a gindin turke, ka haɗa ta da turken da waya mai kauri, ka sa na'urar kariyar tsawa a inda kebul ke shiga ɗaki. A busasshiyar ƙasa sanda ɗaya ba ta isa, ƙara ta biyu ka haɗa su. Gishirin da ake zubawa a ramin yana taimakawa da farko, amma yana cin ƙarfe, gawayi da danshi sun fi daɗewa.

MATAKI NA 7: ƊORA INJI KA ƊAGA

Kafin ka sa fukafukai, gwada injin. Juya shi da hannu wayoyi a sake, ya tafi sumul. Haɗa biyu, za ka ji yana tsalle-tsalle. Haɗa ukun, ya yi tauri bai ɗaya. In bai yi haka ba akwai kwayil da ya yanke, mayar da shi.

Gefen fiffike mai lebur ko ɗan kwarmi shi ke fuskantar iska, mai doro yana kallon turke. Juya su kuskure ne da ake yawan yi: farfela za ta juya, amma caji ba zai taɓa kai ko'ina ba. Kafin ka ƙarasa ɗaure noti, auna daga bakin kowane fiffike zuwa na kusa da shi, awo ukun su zo ɗaya, bambancin kada ya wuce milimita 5. Sa maganin hana kwancewa a kowane noti. Ɗaga kamar yadda ka gwada, birki a kulle, ka sake duba daidaito, ka ɗaure ƙarafan ja da 'yar waya don kada su warware, sannan ka saki birki.

A ranakun farko sa ido. Turke na rawa a wani gudu na musamman: fukafukai ba su daidaita ba. Farfela na juyawa a hankali ko da iska mai ƙarfi: wayoyi biyu sun haɗu a wani wuri, ko birki bai saki ba. Tana gudu fiye da kima da ƙara kamar jirgi, caji babu: waya ta yanke ko bireka ta faɗi, taka birki da zarar iskar ta ɗan sassauta.

MATAKI NA 8: KULA DA SHI

Hadarin farkon damina, mai tasowa daga gabas da jar ƙura, shi ne babban mai kashe waɗannan injuna. Da ka ga gabas ta haɗe, kulle birki tun iska ba ta iso ba. In ka bari sai tana tsakiyar bugawa, birkin na iya kasa tsayar da farfela, kwayil ya ƙone. In za ka yi tafiya da damina, bar shi a kulle.

Sauke turke sau biyu a shekara, bayan hunturu da bayan damina. Ƙurar hunturu tana cin bakin fiffike kamar sanfefa, shafe shi ka liƙa tef mai kauri ko ka sake fenti, daidai wa daida a kan ukun don kada nauyi ya bambanta. Girgiza farfela da hannu, in akwai wasa ko gurnani canza boris. Duba tsatsa a kilif da kunnen rodi, ka sake ɗaure kowane noti. Injin da ba shi da zoben da ke ba shi damar juyawa ba tare da murɗe kebul ba, sai ka riƙa cire filogi a gindi kana warware kebul ɗin duk wata.

Batir mai ruwa, duba shi kowane wata, ka ƙara ruwan batir kaɗai, ban da na rijiya ko na leda, kuma kada ka sha fiye da rabin cajinsa. Ɗakin ya kasance mai sanyi da iska, zafin bazara yana rage masa kwana. Ayyuka masu cin wuta, irin su tura ruwa tanki da injin wanki, mayar da su hantsi lokacin da farfela ke gudu, wutar ta tafi aiki kai tsaye maimakon ta ƙare a hita. Sa ƙaramar mita mai ƙirga yunit tsakanin kwantirola da batir, ka riƙa rubuta lambarta ƙarshen kowane wata tare da litar fetur da ka saya. In bayan shekara abin da ta ƙirga bai kai rabin lissafinka na mataki na 2 ba, kafin ka zargi injin ƙara wa turke bututu ɗaya da wayoyinsa huɗu, ka matsar da maɗaurai daidai da sabon tsayin.